Irin Maiwar da Kika Bar Mini

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan Allah Ya yalwata makwancinki. Ina sanar da ke cewa na gama karatun aikin gona, na karɓi takardata. Na kuma je ƙauyenku da tulun irin maiwar nan, kamar yadda kika yi mini wasiyya, don a mayar da ita gayaunarki. Ban iya cika miki ba.

Mun bar Katsina da hantsi, ba mu isa ba sai bayan la'asar. Tulun yana kan cinyata har muka sauka, da tokar da kika zuba masa, bakinsa a liƙe yadda kika bar shi.

Daga Dutsin-ma zuwa gaba na daina ganin dawa da gero a bakin hanya. Wake ne, sai gyaɗa. Da farko na ɗauka shawarar malaman gona ce, har na rubuta a littafina. Direba ne ya ce mutane sun daina shuka abin da zai ɓoye mai bindiga.

Wasu gonakin an yi musu huɗa, ba a dawo an yi shuka ba. Ciyawa ta rufe kunyoyin. Na ga rumbuna ba jinka. A wani gari mata na zaune a bakin titi da tabarmi a naɗe, ba sa sayar da komai.

Ƙanenki Kawu Sale ya tsufa sosai. Da ya gan ni ya yi dariya, wai ga malamar gona ta zo da digiri da tulu. Da na faɗa masa abin da ke ciki, sai ya ce, "Sa'ade, maiwa tana fin mutum tsawo, kuma sai ta yi wata biyar a gona. Wa ke da wata biyar a nan?" Gayaunarki tana hayin rafi. Damina biyu ba wanda ya taka can.

Inna, matarsa kuwa tulun kawai take kallo. Na san kin ce ba a cin iri ko yunwa ta kai ina. Na juye mata rabi, kuma na san turmi zai shiga.

Sauran yana nan gida, a Ƙofar Durbi. Na jiƙa ƙwaya ashirin a tsumma, bakwai suka tsiro. Na sake gwadawa ko na yi kuskure, shida. Baɗi ba za su kai haka ba. Tsakar gidan nan siminti ne, sai na dasa su a tsohon bokiti, ko da yake na san bokiti ba zai kai maiwa ga zangarniya ba.

Ki yafe mini, Innata. Allah Ya jiƙanki, Ya haskaka kabarinki, Ya ba su Kawu kwana lafiya a gidajensu. Ruwa ya sauka sosai bana, irin wanda kike so.

Ɗiyarki,
Sa'ade