A Sauke Hoton Nan Kafin a Manna Shi a Dutse

Gida mai lamba 41, Layin Masaƙa,
Non Sai Kham.
3 ga Yuli, 2567, lissafin ƙasarmu.

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Ƙaramar Hukumar Non Sai Kham,
Ta hannun Sakataren Hukuma.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: HOTON DA SASHEN AL'ADU KE SHIRIN MANNAWA A DUTSEN TUNAWA DA MARIGAYIYA IYA BUAPHAN

Bayan gaisuwar da ta dace da matsayinka, ni ce Ratchani, mai shagon gyaran gashi daura da tashar mota. Ni ce kuma mai shafin nan na intanet, Sahun Gaba, inda nake rubuta rayuwar irinmu, mu da aka rubuta maza a takardar haihuwa muke zaune a matsayin mata. Ƙorafina a kan Jami'in Al'adu ne, Nai Wirot Saenkham, kuma ga shi kamar haka:

1. Mai Girma ya san Iya Buaphan, wadda ta rasu ranar 20 ga Afrilu. Ita ce ke jan sahun masu rawa a bikin harba rokoki na roƙon ruwa tun kafin Nai Wirot ya daina tsotson yatsa. Da hukuma ta yanke shawarar kafa mata dutse a harabar sakatariya mun yi murna, na kuma rubuta godiya a shafina. Yanzu kunyar wannan godiyar nake ji.

2. Ranar bikin, 18 ga Mayu, aka yaye ƙyalle don a nuna wa jama'a hoton da za a gasa a kan tangaran a manna a dutsen. Sai ga wani saurayi da ƙwalƙwal ɗin kai, kunnuwa a tsaye, an rubuta Nai Thongsuk Kaewmani a ƙasansa. Iya Samniang mai sayar da kifi ce ta fara magana, da muryarta ta kasuwa: "Wai wannan ɗan gidan waye? Soja ne ya mutu ba a gaya mana ba?" Mutane suka tuntsire da dariya. Nai Wirot kaɗai ya tafa.

3. Mutum ɗaya ce ta gane fuskar, ƙanwar marigayiya, Iya Khamphan, kuma nan take ta zauna a ƙasa. Ita ta faɗa mana cewa yayarta ce, da sunanta na takardar haihuwa, kuma hoton ranar tantance shiga soja ne, ranar da mahaifinsu ya danne Iya Buaphan ya aske mata gashi da almakashin yankan buhu, aka tuɓe mata riga a gaban samarin gunduma ana ta sowa. Iya Buaphan ta ƙona nata kwafin hoton da hannunta tun tana budurwa. Cikin duk kwanakin rayuwarta, wannan ranar ce Sashen Al'adu ya tono don ya karrama ta. A jinjina wa sashen, ba ƙaramin bincike ya yi ba.

4. Ranar 21 ga Mayu na je ofishinsa da hotunanta da na ɗauka a tsawon shekaru. Bai kalli ko ɗaya ba. Ya ce sunan da ke rajista da Nai ya fara, laƙabin maza, saboda haka dole fuskar ta dace da laƙabin, kada baƙi daga babban birni su ga jan baki a ƙarƙashin Nai su yi wa garin dariya. Ranka ya daɗe, baƙin nan shekara da shekaru suna zuwa, kuma jan bakin nan suke zuwa ɗauka hoto, ba gashin bakin Nai Wirot ba. Iya Buaphan ce ta yi wa matarsa kwalliyar aure. 'Ya'yansa mata biyu a tsakar gidanta suka koyi murza yatsu a rawa, suna cin shinkafarta mai danƙo da kwaɗon gwanda. Duk wannan lokacin bai taɓa ce mata Nai ba. Sai da aka ƙona gawarta bisa al'adarmu, ta zama toka, ya tuna da doka.

5. Da na rubuta abin da ya faru a shafina, ya aiko min takarda mai kwanan wata 10 ga Yuni, yana umartata in sauke rubutun domin yana zubar da mutuncin garin. A saman takardar ni ma ya kira ni da Nai. Ina sanar da Mai Girma cikin ladabi cewa ba zan sauke ba. Ba don a zagi kowa na buɗe shafin ba. Na buɗe shi ne don na girma ina zaton ni kaɗai ce haka a duniya, har ranar da na hango Iya Buaphan a gaban sahu, da jan fure a gashinta, gari duka yana bin bayanta. Da farko ba ta son in saka hotonta. Daga baya ita da kanta ta ce, "Ɗauke ni, ke dai, ki saka. Akwai wata can a wani ƙauye tana ɓuya a bayan rumbu, bari ta ga tsohuwa ta kai saba'in ba ta mutu da kunya ba." Waɗanda take nufi suna rubuto min har yau, kuma wasunsu sun ce za su zo ganin dutsen. Abin da za su tarar shi ne darasin Nai Wirot: ki yi wa gari rawa har ƙafarki ta gaza, ranar da kika mutu a sake aske miki kai.

An tsayar da ranar 29 ga Yuli, ranar sadakar kwana ɗari, don manna tangaran ɗin. Da zarar siminti ya bushe, na san yadda ofisoshinmu suke, sai dai jikokinmu su ci gaba da rubuta takarda. Saboda haka nake roƙon Mai Girma da ya dakatar da aikin kafin ranar, ya sa a yi amfani da hoton da na haɗo da wannan takarda, wanda Iya Khamphan ta zaɓa, a kuma rubuta sunan da garin nan ya san ta da shi. Ina kuma roƙon a janye takardar 10 ga Yuni. Ban nemi a hukunta Nai Wirot ba. Dariyar da aka yi masa a fili ta ishe shi guzuri.

Idan kuwa doka ta hana duk wannan, to a bar dutsen babu hoto. Mun san fuskarta, ba mu buƙatar a tuna mana. Saurayin da ke hotonku bai taɓa yi wa garin nan rawa ba, kuma ba shi muka raka makwancinsa muna kuka ba.

Ina jiran amsar Mai Girma cikin biyayya da girmamawa.

Taka mai ladabi,

Ratchani Phomsuwan,
wadda katin shaidarku ke kira Nai Chaiyan.