Agogon da Ke Tuƙar Rana

Litinin, 5 ga Yuli 1954

Takardar ta iso biro, wato ofishinmu, yau. Ni na buɗe ta, tunda ni ne komi, magatakardan kumandan. Sunan yayana Mutari a layi na huɗu, cikin sojojin da ba a gani ba a yaƙin Indoshin tun watan Mayu. Ba su ce ya mutu ba. Kumandan ya ce in faɗa wa gida da bakina. Na ce to. Na ninke ta na sa a aljihu, har yanzu tana nan.

Laraba, 7 ga Yuli

Ban faɗa ba.

Inna ba ta kiran sunansa, ɗan fari ne, kuma kunya ba ta barinta ta tambayi labarinsa. Agogon hannun da ya bar mata ranar tafiya shi take tambaya. Ya daɗe da tsayawa, amma lambobinsa suna yin haske kore-kore a duhu. Kullum bayan magariba sai ta leƙa shi inda yake rataye a bakin ƙofa, ta ce, "Wancan yana lahiya." Sau nawa na yi mata dariya a kan wannan.

Jumma'a, 9 ga Yuli

Agogon ya daina haske. Shekaranjiya Inna ta sauke shi saboda feshin ruwa, ta naɗe a tsumma uku, ta tura ƙasan tukunya. Jiya ta buɗe, baƙi ƙirin. Ta ƙi tuwo, ta ƙi fura. Matata Hanatu ta ce tun safe tana zaune wuri ɗaya. Tsoro nake ji. Tsohuwar nan ba ta da jikin da za ta yi kwana uku ba ci.

Asabar, 10 ga Yuli

Na je wurin Abarci mai ba da magani. Ya ce fenti ne kawai, sai ya sha rana sannan ya ba da haske in duhu ya yi. Nasara suna da doguwar kalma guda don haka, ya rubuta mini a bayan takardar kinin. Mu fa? Ƙyalli ba shi ba ne: madubi yana ƙyalli muddin rana na kansa, ka rufe shi, shi ke nan. Haskawa aikin fitila ne, da mai da lagwani. Walƙiya ta cika sauri. Yini guda ina juya kalmomi, na ɓata wasiƙu biyu. Wai in na sami kalmar zan iya yi mata bayani. Ƙarya nake yi wa kaina, na sani.

Da la'asar na sace agogon, na ɗora a kan rumbu, na mayar kafin magariba. Da Inna ta leƙa ta ga haske, ta ci malmala guda da rabi.

Laraba, 14 ga Yuli

Kwana biyar ina wannan sata. Hanatu ta kama ni ina saukowa daga rumbu. "Kimba, kai ka san wani abu." Na ce ta kula da tukunyarta. Ban kyauta ba.

Asabar, 17 ga Yuli

Hadari tun jiya, rana ba ta leƙo ba. Na kunna fitilar biro da tsakar yini, na riƙe agogon a gabanta kamar mahaukaci, har hannuna ya yi tsami. Hasken da ya yi bai taka kara ya karya ba. Inna ta daɗe tana dubansa, ta ce, "Bai ƙoshi ba yau."

Lahadi, 18 ga Yuli

Na sa hannu a tukunya, babu. Na fito, ga shi a kan kifaffen turmi a tsakar rana, ita kuma tana zaune a gefe.

"Zo zamna," in ji ta. "Ni ɗiyar makiyaya ce. Abin ga tuƙa yake, kamar saniya. Abin da ya ci da rana shi yake maidowa in ya kwanta. Tun ranar da ka hwara ɗaukarshi na gane, da ɗumi nake iske shi."

Tuƙa. Mako guda ina nema, tana bakinta.

"Na bar ka ne in ga iyakarka. Mi ke cikin aljihun da kake dahewa kullum?"

Na karanta mata takardar, na juya da Hausa.

"Binne shi anka yi, ko ba a gan shi ba?"

"Ba a gan shi ba, Inna."

Ta yi salati. Ta ce Hanatu ta auna gero a kai wa malam sadaka. Da yamma ta ci tuwonta. Ni ne na kasa.

Alhamis, 22 ga Yuli

Ba ta ƙara tambayar agogon ba. Ta ba ni, ta ce ta gama da shi, Allah take tambaya yanzu.

Yana biro. Ina ɗora shi a bakin taga da hantsi, don kada fentin ya lalace kafin mai shi ya dawo, ba don wani abu ba. Yau da zan tashi na kare shi da tafin hannu biyu na leƙa. Yana tuƙa. Na leƙa sau uku.