Faifan da Bai Jira Baba Ba

Zuwa ga Yaya Isufu,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Yaya Rabi da yara. Yaya aiki, yaya sanyin Turai? Mu nan Cadakori da sauƙi, sai dai rijiyarmu ta ƙafe, rumbu kuma saura kaɗan a share shi.

Faifan jaz da ka aiko ya iso, sabon bugu na wanda Baba ya dawo da shi daga soja, na mutum biyar ɗin nan masu ƙaho da ganga. Na ciro batir daga rediyo na sa a garmaho. Ka tuna inda tsohon faifan yake maƙalewa, mai ƙaho ya yi ta nanata abu ɗaya sai Baba ya tashi ya tura allura? To, da aka zo wurin ya miƙe, ya kai hannu, kiɗa ya wuce abinsa. Ya daɗe a tsaye, sannan ya ce, "Shi ma bai jira ni ba."

Yaya, unguwarmu ta watse. Gidan Malam Idi sun tafi Katsina, Fulanin bayan gari sun kora ragowar shanunsu kudu. Ni zama ya ishe ni, kullum idona na kan hanya, amma Baba ya ce ba zai bar kabarin Inna ba. Don Allah ka rubuto masa, maganarka yake ji.

Ka gaida kowa, ku sa mu a addu'a, Allah ya kawo ruwa. Tun ranar da muka ji sabon dai, Baba tsohon faifan yake sa ni in ɗora masa.

Ƙaninka,
Sani