Wasiƙu tara da ba su fita daga gida ba

Assalamu alaikum ƴan uwa. Admin, a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara.

Shekarar da hatsi ya bushe a tsaye a Garagumsa har muka sayar da jakin Baba da gona biyu, ni na shigo Damagaram gadi a gidan wani likita, ƙanena Habu ya tafi aikin gona a Libiya. Inda yake babu rezo, waya ba ta shiga, sai ran Juma'a mai gonar yake barinsa ya aiko imel. Ni kuwa lokacin na fara karatun yaƙi da jahilci, likita ya ba ni tsohuwar ordinatarsa, wato kwamfuta, ya jona ta da akwatin intanet na gidan, ya yi tafiya.

Habu ya rubuto yana tambaya, ya dawo gida ko ya wuce bakin teku ya nemi jirgin ƙetarewa. Na je ƙauye na tambayi Iya, mahaifiyarmu, ta ce maza ya dawo, ko garin rogo ne mu ci tare. Na rubuta da yatsa ɗaya, na danna. A gefe wata lamba ta nuna ɗaya. Ya sake tambaya, na sake amsawa, lambar tana hawa, ina murna, na zaci waɗanda suka isa take ƙirgawa. Saƙonsa na ƙarshe ya ce, "Yaya, tunda kun yi shiru na gane. Na wuce." Ba mu ƙara jin ɗuriyarsa ba.

Iya ta ce ya take maganarta, ta hana a ambaci sunansa a gidan.

Watan jiya na kai ordinatar wajen mai gyara. Ya duba ya ce akwatin gidan likita yana barin saƙo ya shigo amma ya toshe ƙofar fita, saiti ɗaya za a canza. Ya nuna mini wasiƙuna, suna nan jere, ko ɗaya ba ta fita ba. Tun ranar, ko salla na tayar sai in ji Habu yana cewa, "Na gane."

Iya ta makance, jiki ya yi rauni. In na faɗa mata za ta yafe masa, amma za ta san da hannuna ya tafi, kuma ni kaɗai na rage mata. In yi shiru ta mutu da fushinsa, ko in faɗa?

Abin da farin nan ya ci mana: jaki ɗaya, gona biyu, wasiƙa tara, da Habu.