Layina Ya Bi Tsohuwar Mota

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Ƙungiyar Direbobin Bohikon zuwa Kwatano,
Tashar Bakin Kasuwa, Bohikon.

Daga Komlan Ahouansou, direba, mai kati lamba 41.
Ranar 20 ga Mayu, 2019.

Game da: Layin lodi na bakwai da aka raba ni da shi

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina neman izinin gabatar da kukana kamar haka:

1. Layi na bakwai a allon tasha na marigayi mahaifina ne. Na gaje shi tare da farar motarsa, wadda 'yan tasha ke kira Gwaggo saboda tsufa. Shekara ashirin da biyu ina lodi a wannan layi, ba a taɓa kawo ƙarata gabanka ba.

2. Ranar 4 ga Maris na je wurin wani dillalin motocin hannu a Kwatano, Mushe (wato Malam) Gandonou, na ga wata mai sauran ƙarfi. Ya ce ko in biya kuɗi hannu, ko in ba da Gwaggo in yi ciko. Matata Sèna ta ce in haƙura sai Agusta, in ɗauki adashina in biya lakadan. Shi kuwa dillali dariya ya yi, wai Gwaggo gwangwani ce, ko kaji ba su yarda su kwana a ciki. Na ji kunya, na sa hannu na ba da ita. Ban ji maganar matata ba, wannan laifina ne, na amsa.

3. Ranar 6 ga Maris na shigo tasha da sabuwar motar, sai sakatarenku, Mushe Tossou, ya tare ni. Ya ce allo lambar mota ya sani, bai san fuskar mutum ba, kuma mai sauya mota sai ya goge tsohuwar lamba kafin ta bar hannunsa. Ranka ya daɗe, ina zan san wannan, ni da ban taɓa sauya mota ba? Dillalin ya sani sarai. A wancan makon ya sayar da Gwaggo ga wani direba, Bidossessi, har da layina. Ashe layin yake so tun farko.

4. Na koma wurin dillali sau uku, yana nuna mini takarda: mota da duk abin da ke tare da ita. Sakatare ya ce in rubuta sunana a jerin masu jira, inda mutum talatin da huɗu ke gabana, na farkonsu shekara huɗu bai motsa ba. In na yi lodi a bakin titi, jami'anku su kama motar. In na sayar da ita, me zan tuƙa? Kwana saba'in da biyar ke nan tana ajiye a ƙarƙashin mangwaron ƙofar gidana, daf da tasha, ina wanke ta.

5. Wannan ya fi yi mini ciwo. Gwaggo ba ta tashi da safe sai a hannun wanda ya san ta. Kullum Bidossessi kan leƙo ya ce mini, yaya, taimaka mana. A ciki kuma Maman Houéfa ce da sauran masu manja da na daɗe ina ɗauka, suna tsoron kasuwa ta ci ba su. Ba na iya ƙi. Sai in buɗe gabanta in tayar, su tafi, ni in koma gindin mangwaro da baƙin mai a hannu.

Don haka ina roƙon Mai Girma Shugaba ya kira kwamiti, ya mai da layi na bakwai kan lambar sabuwar motata. Ba na neman a kori Bidossessi, shi ma da iyalinsa. In abin bai yiwuwa, a ba ni lodi ko sau biyu a mako, in san abin da zan gaya wa Sèna. Har yau ba ta ce mini ai na faɗa maka ba, kullum da safe ruwan wankin mota kawai take miƙo mini.

Ina jiran hukuncinku cikin ladabi da biyayya.

Naka mai biyayya,
Komlan Ahouansou
Kati lamba 41