Baitin da Ban Koya wa Mero Ba

Birnin Kudu,
Talata.

Da safe: wanke wurin ɗinki da ruwan ɗumi, shan magani.

Baban Murna,

Ka yi haƙuri, hannuna ya saba da littafin da nake rubuta ayyukana na kullum, shi ya sa layin nan na sama ya riga gaisuwa. Ina gaishe ka cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Yaya gajiyar gona? Yaya Murna da Filibus, da ƙafar Iya? Ina fata kowa lafiya.

Ɗanbala direba ne zai kawo maka takardar nan Gwaram. Jiya da ka kira na ɗauka, kana ta sallama, ni kuma ina buɗe baki iska kawai ke fita. Kada ka ƙara ɓata katinka. Ka rubuto, ko ka ba Murna ta rubuta.

An sallame ni daga asibiti, ina gidan Gwaggo Na'omi, don likita yana so ya riƙa ganina kafin in dawo gida. Maƙoƙon ya fita sarai, Gwaggo har tana tsokanata wai wuyana ya koma na 'yan mata. Murya ce ba ta dawo ba. Tun kafin aikin an gaya mana kumburin ya danne jijiyar murya, kai ma kana wurin, saboda haka ba na ganin laifin kowa. An ce in ba ta lokaci, kada in tilasta.

Amma ba wannan ya sa na ɗauki biro ba. Ran Lahadi Murna ta turo bidiyon sujada a wayar Gwaggo. Na san nufin yarinyar nan in ji daɗi. Na ga majami'armu, na ga matan zumunta cikin ankonmu, na ga Saraya tana buga tulu. Sai na ga Mero ƙanwarka a gaba, daidai gefen ginshiƙin da nake tsayawa tun Murna tana goye, ita ke ba da waƙa ana yi mata amshi. Kuma sabuwar waƙata take yi, wadda na shirya domin taron zumuntar mata na gunduma bayan kaka.

Zan gaya maka gaskiya, tunda ba ka kallon fuskata. Na kalli bidiyon nan har cajin wayar ya ƙare, kuma ba don in yi sujada ba. Kuskure nake nema. Ban samu ba. Yarinyar da ni na nuna mata inda ake jan numfashi, yau tana kaiwa wurin da ni sai na ɗaga kai nake kaiwa, ita ko gira ba ta motsa ba. Tsofaffi har da guɗa.

Na san abin da za ka ce, ni ma na faɗa wa kaina. Wataƙila magungunan ne ke sa ni haka. Wataƙila kuma dama haka nake, ban sani ba.

A yanke riɗin gonar gabas kafin ya fara fashewa. Filibus ya daina barin awaki suna shiga waken Iya. Ka gaishe da fasto da iyalinsa.

Matarka,
Briskila.

Birnin Kudu,
Asabar.

Baban Murna,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya aiki, yaya yara? Na ji daɗi da ƙafar Iya ta saki. Gwaggo tana gaishe ku, ta ce ta ga gyaɗa, Allah ya ƙara albarka.

Takardarka ta iso. Na auna da ɗan yatsa: maganar ciwona layi biyu, maganar muryar Mero rabin shafi. Ka ce riƙon ƙwarya take yi mini. To, Ɗanbala ya gaya wa Gwaggo cewa matan Kangire sun aiko suna roƙon Mero ta je ta koya musu waƙoƙi. Ni duk shekarun da na yi ina yi, ba wanda ya taɓa aikowa daga Kangire. Ya kuma ce uwar zumunta ta miƙe bayan sujada ta ce Allah ba ya barin gidansa babu murya. Na san ba da mugun nufi ta faɗa ba. Amma da sai ta jira a cire mini zare tukuna.

Ka ce in aiko da baitin ƙarshe, wai Mero ta rasa inda za ta sa kanta, taro yana matsowa waƙa ba ta da ƙarshe. Gaskiya ne ban koya wa kowa shi ba. Ban gama gyara shi ba aka kira ni asibiti, na ce sai na dawo. Kalmomin zan iya rubutawa. Amma a baitin nan karin waƙar yake juyawa ya sauko ƙasa, kuma ba a rubuta kari a takarda, sai an ji a baki. Ka gaya mata haka. Wannan dalili ne mai kyau, kuma gaskiya ne. Ko shi ne dalilina, wannan kuma ban sani ba.

Akwai abin da ya fi wannan damuna. Gwaggo takan tashe ni addu'ar safe, ita ke yi, ni in ce amin da kai. In ta tafi kasuwa sai in durƙusa ni kaɗai, in rasa ta inda zan fara. Ashe ni duk addu'ata a cikin waƙa take. In na buɗe baki babu sauti, sai in ji kamar ba mai saurare. Jiya na daɗe a durƙushe, da na ankara sai na tarar lissafin matan da suka yi wa Mero guɗa nake yi.

Maƙwabciyarmu Hajiya Barira takan aiko mini da kunun gyaɗa da zuma. Ta ce in riƙa lasar zumar, murya ta Allah ce, shi ya ba ni, shi zai mayar. Na gyaɗa mata kai. Na ji kunya ita ta fi ni tabbaci.

Ka shafa mini kan yara.

Taka,
Briskila.

Birnin Kudu,
Laraba.

Maigidana,

Salamar Ubangiji ta kasance tare da kai da dukan gida. Ina fata an gama ɗaurin riɗi lafiya, kuma bayan naka bai tashi ba.

Ka zauna kafin ka karanta. Ran Litinin likita ya zura wata 'yar na'ura mai fitila ya leƙa maƙogwarona. Ya ce gefe ɗaya ba ya motsi. Magana za ta dawo a hankali, ƙasa-ƙasa, wataƙila da dishi-dishi. Na rubuta masa a bayan katina: waƙa fa? Ya karanta, sannan ya ce kada in sa rai.

Ban hau acaɓa ba. Na tako da ƙafa cikin rana, ban ma san inda na nufa ba, sai na gan ni a ƙofar majami'ar su Gwaggo. Mai shara ta bar ta a buɗe. Ba kowa a ciki sai ƙadangaru. Na zauna a bencin ƙarshe, inda ban taɓa zama ba a rayuwata.

Ban yi niyyar addu'a ba, Baban Murna, faɗa na yi. Na ce wa Ubangiji ya karɓe abin da ya ba ni ya miƙa wa Mero a kan idona. Na tambaye shi me ya hana shi ɗaukar ƙafa ɗaya, ko ido ɗaya, ai da ban yi gardama ba. Na gaya masa ba na so Mero ta iya baitin nan. Na gaya masa da za ta tashi da mura ranar taron, da na ji sanyi a raina. 'Yar'uwarka ce, na sani, kuma ita ta yi jinyata lokacin haihuwar Filibus. Duk da haka na faɗa, don abin da ke ciki ke nan.

Ba zan ce maka na ga haske ko na ji wata murya ba, kada in yi ƙarya. Abin da na lura kawai shi ne na daɗe ina magana leɓena bai motsa ba, kuma ban ji kamar ni kaɗai nake ba. Tun ina yarinya nake kawo wa Yesu waƙa a wanke a goge kamar anko. Ranar na zo masa da duk dattina, bai kore ni ba. Na yi kuka har ɗinkin ya fara ja, dole na daina.

Jiya na koma, yau ma na koma. Nakan zauna in karanta Maganar Allah kaɗan, in yi shiru, in faɗa masa abin da ke raina yadda yake. Kada ka ɗauka na warke. Ko ɗazu da sunan Mero ya faɗo mini sai da kishin ya taso mini. Bambancin shi ne yanzu ina da inda nake kaiwa.

Wataƙila ma ruɗin kaina nake yi. Ka san ni.

Ka ce wa Mero ta biyo Ɗanbala ran Asabar. Ban ce zan ba ta ba. Na ce ta zo. Maganar likita kuma kada ka gaya wa Iya tukuna.

Matarka mai kewarka,
Briskila.

Birnin Kudu,
Lahadi.

Baban Murna,

Ina gaishe ka da sunan Yesu, da fatan kun yi sujada lafiya. Yaya Iya da yara? Daddawa da ƙwai sun iso, an gode.

Mero ta zo jiya. Ta rame, ban ga haka a bidiyo ba. Tana zama ta fara zuba: wai duk Lahadi tsoro ke kama ta kafin a fara, wai Iya Tabita, tsohuwar nan ta zumunta, takan tare ta a bakin ƙofa ta ce mata Briskila ba haka take jan waƙa ba. Allah ya gafarta mini, wannan ya yi mini daɗi fiye da ƙwan.

Mun zauna a tsakar gida, ina kallonta tana kallona. Na yi 'yar addu'ata a ciki, irin sabuwar nan marar ado. Na ce masa ni dai ba na so, in yana so ya motsa hannuna. Sai na jawo takarda na rubuta mata baitin. Ka san yadda ya fara: in rana ta ƙone gonata, Yesu, ba ta ƙone hannunka ba.

Saura kari. Na kifa bokiti na buga mata, ta kama kiɗan amma ba ta kama sauti ba. Na riƙa ɗaga hannu ina saukewa, ita kuma tana bi tana ƙirƙirar nata, ta mayar mini da waƙa kamar ta gidan biki. Na girgiza kai har wuyana ya yi zafi. Ta ce Yaya ki yi haƙuri, ta sake, ta ƙara ɓatawa. Haushi ya kama ni. Ban san lokacin da na tsuke baki na yi fito ba.

I, fito. Na koya wurin yayyena muna kiwon awaki, Inna ta raba ni da shi da muciya, ta ce 'ya mace ba ta yi. Na ɗauka na manta. Ashe shi ba ruwansa da maƙogwaro. Baitin ya fito tsaf daga farko har inda yake saukowa.

Mero ta zaro ido, sannan ta faɗi a tabarma tana dariya tana riƙe ciki. Hajiya Barira ta leƙo ta katanga tana tambayar wane ɗan iskan yaro ne ya shigo gidan mata. Gwaggo ta fito daga madafa da ludayi a hannu, ta ce oh ni Na'omi, matar dattijon ikkilisiya guda, uwar budurwa! Ta tsaya ta ji na sake yi. Sai ta ce a rufe ƙofar zaure, a ci gaba.

Haka muka yini, ni fito, Mero waƙa. Kafin la'asar ta haɗa shi da sauran baitocin ta rera gaba ɗaya. Baban Murna, ya fi yadda yake a kaina kyau. Na shiga ɗaki na kifa kai a gado. Ban san ko kukan baƙin ciki na yi ko na godiya ba, ina jin duka biyun ne a haɗe. Da na fito na rubuta mata cewa ita za ta ba da waƙar a taro, ba riƙo ba, nata ne. Na miƙa mata takardar.

Zan je taron. Ka ce wa Saraya ta nemo mini tulu na biyu, zan zauna kusa da ita a baya. Ban yi maka alkawarin zan yi murmushi ba in aka fara guɗa.

Maganar fito kada ta fita daga bakinka, ko da yake na san Mero tana isa Gwaram za ta baza ta. Za ta kwana biyu a nan, don akwai wurin da har yanzu take hawa inda ya kamata ta sauko.

Ka gaishe da kowa. Ubangiji ya tsare mini ku.

Matarka,
Briskila.

Ayyukan gobe, waɗanda ban gama ba:

Karɓo sauran magani a asibiti.
Mayar wa Hajiya Barira kwanonta.
Sake layin ƙarshe da Mero, a hankali, ba da faɗa ba.
Rubuta wa Iya maganar likita, Murna ta karanta mata.
Majami'a da rana: roƙa wa Mero lafiyar murya ranar taro. Yau na fara, na tsaya a rabi.