Addu'ar Kawu Sale Tana Sarƙewa

Laraba, bayan isha'i, Gwarzo

Yau Hajiya Binta ta zo shagona na ɗaukar bidiyo tun daga Kabo, fitarta ta farko bayan takabar Kawu Sale. Ta zauna a benci ta ce, "Nasiru, ina bidiyon sunan jikata? Addu'ar da marigayi ya yi ranar nake son in sake ji."

Na kunna mata a kwamfuta, sai hoton ya riƙa tsayawa yana tsalle, baki na motsi, murya na biyowa daga baya. Ta kawar da kai ta ce, "Bar shi, ɗan nan." Wallahi har yanzu abin yana ci na.

Sabuwar kyamarar da na ɗauki sunan da ita ce ta jawo. Matse hoto take yi sosai don ya shiga katin ajiyarta, tsohuwar kwamfutata kuma ba ta iya warware shi in ina yanka shi don tacewa. Na kira Yaya Auwal, wanda ya koya mini aikin, ya ce in fara juya fayil ɗin zuwa nau'in da manhajar tacewa take ɗauka cikin sauƙi, ko da zai kumbura. Ya kumbura kuwa. Ana tsakiyar juyawa aka ɗauke wuta, komai ya dawo farko. Na tayar da janareta.

Ɗazu guntun farko na bidiyon ya kammala. Na ja shi gaba, na ja shi baya, bai sarƙe ba. Kawu ya ɗaga hannu, kowace kalma daidai da bakinsa. Sai da na share ido.

Sauran suna kan juyawa, mai kuma ya yi ƙasa. Bari in je in zuƙo na mashin ɗina. Ba zan kashe janaretan nan ba sai Kawu ya shafa.